Laifin da Ake Ɗora wa Haƙori

Daga cikin lalurorin da ke addabar jariri a shekararsa ta farko, kamar mura, da ƙurajen zafi, da kumburin ciki, da shawarar kwanakin farko, babu wadda ake yi wa uzuri irin gudawa, domin da zarar cikin yaro ya ɓaci, jikinsa ya yi zafi, sai ka ji tsofaffin gida sun yanke hukunci tun ba a tambaye su ba, su ce haƙori ne zai fito, a ba shi dauri a ƙyale shi.

Alhali kuwa haƙori bai aikata rabin abin da ake tuhumarsa da shi ba. Iyakar fitinarsa ƙaiƙayin dasashi, da dalalar miyau, da 'yar rigima. Abin da ya haddasa shubuhar shi ne, lokacin da haƙoran farko kan tsiro, wajen wata 6, shi ne kuma lokacin da yaro ke fara shan kunu, yana shirin rarrafe, duk abin da hannunsa ya kai sai ya kai baki, ga shi kuma kariyar da ya gada daga jinin mahaifiyarsa ta fara ja da baya. Ƙwayoyin cuta ne suka sami ƙofa. Haƙori da gudawar dai sun yi tarayya ne a lokaci.

Hatsarin gudawa ga jariri shi ne ƙarewar ruwan jiki, wadda kan auku cikin yini guda. Alamominta bayyanannu ne ga mai lura: idanu su faɗa, baki ya bushe, fitsari ya ragu, maɗiga ta lotsa. Wannan lotsawar ita ce wasu ke ɗauka ciwo ne mai zaman kansa har su shafe kan yaro da haɗe-haɗe, bayan kuwa ƙishirwa ce jikin ke shelantawa.

Maganin da Allah Ya hore mai araha ne ƙwarai. A narka ƙunshin gishiri da sukari na asibiti cikin tsabtataccen ruwa gwargwadon abin da aka rubuta a jikinsa, a riƙa ɗura wa yaro da cokali kaɗan-kaɗan, ko ya yi amai a ɗan saurara a ci gaba, a haɗa masa da ƙwayar zinc kwana 10 zuwa 14, nono kuwa kada a yanke shi ko kusa. Mai raina ruwan nan ya sani cewa a 1971, da kwalara ta ɓarke cikin 'yan gudun hijirar yaƙin Bangaladash, ruwan ƙari ya yi ƙaranci, da ruwan gishiri da sukarin nan likita Dilip Mahalanabis ya ceci ɗimbin rayuka. Tun 2022 kuma Nijeriya ta shigar da rigakafin rota, ƙwayar da ke kan gaba wajen jawo wa jarirai gudawa mai tsanani, cikin jerin rigakafin yara na kyauta.

Akwai fa halin da jinkiri ya zama sakaci da amana: idan jini ya bayyana a kashi, ko yaro ya kasa kama nono, ko yana amayar da duk abin da ya sha, ko ya yi jijjiga, ko numfashinsa ya yi sauri har ƙirji na shiga ciki, to wajibi ne a nufi asibiti ko da tsakar dare ne. Jaririn da bai cika wata 2 ba kuwa, zazzaɓi kaɗai ya isa hujjar tafiya.