Gwanjon Intanet: Wa Zai Tsaya Wa Baƙon Da Ba A Gani?

Duk ranar Lahadi kasuwar Mai'aduwa takan cika da fatake daga Nijar da kudancin ƙasar nan, kuma da wuya a sayar da sa babu dillali a tsakani. La'adar da yake karɓa ba ladan "taya" da "albarka" ba ce kaɗai. Shi ya san masaukin mai saye, shi ya san hannun da dabbar ta fito, in ciniki ya lalace wuyansa za a riƙe. Da haka masarautar Daura, mai iyaka da Nijar ta Kwangwalam, ta daɗe tana ciniki da baƙi.

Yau wasu matasanmu suna tallar huluna, takalman dukawa da kayan doki irin na hawan Sallar Gani a Facebook da WhatsApp, masu ƙoƙari har a eBay, kasuwar gwanjon da aka kafa a Amurka a 1995. Abin a yaba ne. Sai dai a can baƙon ba shi da masauki, ba shi da mai tsaya masa.

Macucin waje ba ya tsananta ciniki, kuma nan ne ya kamata gaban mutum ya fara faɗuwa. A ce ka sa sirdi dala 200. Ya amsa nan take, ya ce ku bar dandalin ku koma WhatsApp don gudun kuɗin da kamfani ke cira. Jim kaɗan sai ga hoton rasit na dala 350: wai kuskure ne, ko wai rarar ta yaronsa ce da zai ɗauki kaya, ka taimaka ka tura masa. Rasit ɗin na bogi ne, ɗan'uwan alat ɗin ƙaryar da masu POS suka sha wuya a kansa. Dala 150 ɗin da ka tura kuwa ta gaske ce, daga guminka ta fita.

Akwai wanda ya fi wannan wayo. Kuɗi su shiga da gaske, amma da katin sata aka biya. Ka aika kaya, bayan makonni mai katin ya kai kuka bankinsa, a janye kuɗin. A dandalin biyan kuɗi na PayPal mai saye yana da kwana 180 na shigar da ƙorafi. Abin da ke ceton mai sayarwa shi ne lambar bin sawun kaya daga EMS ko DHL, wadda ta nuna an kai su adireshin da ke rubuce a cinikin. Wanda ya biya sannan ya sauya adireshi, wannan garkuwar yake son raba ka da ita.

Abin takaici, mu duniya ke wa kallon 'yan 419, alhali ɗan kasuwarmu ya fi kowa zama a fili. Da PayPal ya shigo Nijeriya a 2014, damar biya kawai ya ba mu, ban da karɓa. Shi ya sa mutane suka saba aron asusun ɗan'uwa da ke Ingila ko Saudiyya. Ran da aka janye kuɗi, bashin a kansa yake faɗawa, sai a yi asarar sirdi a haɗa da ta zumunci.

Wani baƙon kuma ba kuɗinka yake hari ba. Zai tambaya ko akwai tsohon takobi, littafin kakanni na rubutun hannu, ko gunkin yumɓu da aka tono, ya yi tayi mai tsoka. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana fitar da kayan tarihi ba da izini ba, kuma tun 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa gumakan yumɓu na yankin Katsina da Sakkwato cikin jerin kayan da ɓarayi ke wawashewa. In kwastan suka buɗe kwalin, shi yana can ƙasarsa, sunan ɗan Daura da lambar wayarsa za su gani a takardar aikawa.