Kilisar Ƙarshen Hunturu a Tsohuwar Hanyar Gwanja

Shekarata 54, kuma 29 daga ciki a Jugu na yi su, garin nan na arewacin Jamhuriyar Benin da ake rubutawa Djougou, tsofaffinmu kuma suke ce masa Zugu. Hatsi nake saye, da 'ya'yan kaɗanya, da kaju in lokacinsa ya zo. A duk shekarun nan babu labarin da 'ya'yana suka sha kamar na kakana, wanda tun yana ɗan saurayi ya bi ayarin goro daga Jega zuwa Gwanja. Da shi nake buɗe faɗa, da shi nake rufewa. "Kakanku ya taka har Salaga, kai aike kasuwa ya gagare ka?"

Autan mazana, ɗan shekara 16, shi ya fi kowa shan wannan karatu. Laifinsa ɗaya: da an tashi makaranta sai a neme shi a rasa, sai magariba ya shigo yana warin kashin doki. Ashe barga yake zuwa, wurin yaran Dandawa masu kula da dawakin manyan gari. Ni kuwa a shago nake son ganinsa. Ga Hausar tasa ta karkace, Dandanci da Faransanci sun fi zama a bakinsa, abin yana ci mini rai. Na hana shi, bai hanu ba. Muka yi wata biyu daga "Baba ina kwana" sai "lafiya", uwarsa tana tsakani tana ba kowa haƙuri.

Ana cikin haka wani abokin cinikina, Badande mai dawaki uku, ya ce za su fita kilisa ta yini guda, in zo in sha iska. Na amsa nan take, na ce har da yaron. A raina na ce yau zan nuna masa abin da ake kira gado.

Masu dawaki a nan suna son ƙarshen hunturu, wajen tsakiyar Fabrairu. Da safe akwai sauran sanyi, zafin bazara bai kankama ba. An ƙone daji, ciyawa ta kwanta, kana hango gabanka. Rafuka sun ja baya, doki yana ƙetarewa ruwa bai wuce gwiwarsa ba, tsando da sauran ƙudan cizo kuma sun yi sauƙi. Mu 'yan kasuwa muna da namu dalilin: shi ne ɗan numfashin da ya rage kafin kaju ya buɗe, don da ya buɗe babu mai ganin wani sai a bakin sikeli. Fataken da ma da rani suke tafiya, saboda waɗannan dalilai.

Ga wanda bai sani ba, Jugu babban zango ne a hanyar goro. Ayari yakan taso daga Kano ko Sakkwato, ya ƙetare Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu, ya sauka a unguwar Wangara ta Jugu. Daga nan wasu su bi ta Semere su faɗa ƙasar Kotokoli, a Togo ta yau, har Salaga. Jakuna ke ɗauke da kanwa, da baƙin zane na rini, da jar fata, da gabu, a dawo da goro. Madugu shi ne mai ayari, jagaba yana gaba yana duba hanya, uban dawaki kuma shi ke daidaitawa da sarakunan hanya kan abin da za a biya. Tafiyar watanni ce. Bayan Turawan Ingila sun ƙone Kumasi a 1874 kasuwar Salaga ta fara raguwa, yaƙin basasar 1892 ya ƙara karya ta, da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 kuma goro ya koma bin teku zuwa Ikko. Kakana ƙarshenta ya riska. Wani yanki na wannan hanya ta Semere muka yi niyyar bi.

Mun taru bayan sallar asuba, mu 11: Dandawa, Bargawa biyu, Bafulatani ɗaya, sai ni da yarona. Hazo ya sauko, kowa ya naɗe fuska. Aka ba ni wani akawali mai faɗin ƙirji. Rabona da hawan doki tun ina ɗan shekara 20, hawan Sallah a gida, shi ma wani ke riƙe da linzami. Wannan ban faɗa wa kowa ba. Yaron ya matso a hankali ya ce, "Baba, bari in duba maka majayi." Majayi shi ne ɗamarar da ke riƙe sirdi ta ƙarƙashin cikin doki. Na ce, "Kai tafi can. Ni za ka koya wa doki?" Ya sunkuyar da kai ya koma kan nasa, wani ɗan hurde marar jiki.

Sa'ar farko kam sai hamdala. Mun bar kwalta, muka bi ta gonakin doya, an riga an tara kunya an ɗora wa kowace hular ciyawa. Ɗorawa ta zubo jajayen tuntu, ƙudan zuma na ta kuka a kai. Inda wuta ta ci, sabon toho ya fito kore shar a cikin baƙar toka. Muna wuce lambunan kaju ina ƙiyasta buhu nawa za su bayar, don ɗan kasuwa ko a kan doki ɗan kasuwa ne. Tsohon da ke kula da bargar abokina shi ne a gaba, bai yarda a wuce shi ba. Tafiya ce ta taku, jefi-jefi a ɗan yi sassarfa. Ni abin ya yi mini sanyi. Na ɗaga murya ina ba yaron labarin madugu, yadda kowa zai ji.

Da muka fito wani fili, samari biyu suka saki linzami. Akawalina ya ga 'yan uwansa sun tafi, bai nemi shawarata ba. Ban san doki yakan kumbura ciki lokacin da ake ɗaura masa sirdi ba, shi ya sa masu abin suke sake jan majayi bayan an ɗan taɓa tafiya. Sirdi ya fara zamewa hagu, ni ma na bi shi. Na faɗo da kafaɗa, ƙafata ɗaya ta maƙale a likkafa, dokin ya ja ni a ƙasa. Wallahi ina ganin kofatonsa dab da fuskata. Salati kawai nake yi.

Yadda aka yi ban gani ba, daga baya aka ba ni labari. Yaron ne ya sha gaban akawalin da hurdensa, ya kama linzamin kusa da baki, yana yi masa magana da Dandanci har ya tsaya. Ya diro ya zare mini ƙafa. Hannunsa na rawa, amma abin da ya fara cewa shi ne, "Baba, kar ka tashi tukuna. Motsa yatsunka in gani."

Babu karaya, sai targaɗe da ƙujewa, babbar rigata kuma ta tashi daga aiki. Babu wanda ya yi dariya, abin da ya fi dariyar ciwo ke nan.

Muka yada zango a gindin wani mangwaro kusa da rafi. Ina zaune ina kallo. Ya sassauta wa dawaki majayi, ya sa musu dabaibayi, ya hana a kai su ruwa sai gumi ya bushe. Ya ɗaga ƙafar dokin Bafulatanin nan, wanda tun ɗazu yake ɗingishi, ya zaro tsakuwa daga cikin kofato, don dawakinmu ba a sa musu takalmin ƙarfe, marmarar ƙasar nan kuwa ba ta da tausayi. Manya masu furfura suna kiransa da suna suna tambayarsa. Tsohon bargar ya zauna kusa da ni, ya ɓare goro ya miƙo mini rabi. Da gurguwar Hausa ya ce, "Alhaji, shekara biyu yaronka yana kwashe mana kashi, bai taɓa roƙon hawa ba. Ni na ce ya hau." Daga nan bai ƙara ba.

Sai na tuna abin da ban taɓa sawa cikin labarin kakana ba, alhali na sani. Shi ba madugu ba ne. Yaron ayari ne, mai korar jakuna da yankan ciyawa. Kuma mahaifina ya sha faɗa mana cewa tsohon yana jin Dandanci da Barganci, har da ɗan Dagwambanci, da su ya ci abinci a hanya. Ni na yanke wannan na jefar, na bar rawani da doki.

Ba mu kai Semere ba. Wayar yaron ta nuna kilomita 17 muka yi, abin da jakin fatake ke yi da kaya kafin azahar, gobe ya sake. Da la'asar muka juyo. Shi ya ja mini majayi, sau biyu, ya ba ni hurdensa ya hau akawalin. Muna shiga gari ana kiran magariba, cinyoyina kamar ba nawa ba, kwana uku a zaune na yi salla.

Uwarsa da ta ga rigar ba ta ce komai ba, sai ta dafa ruwan zafi. Da dare na kira shi na ce ranar Asabar da safe yana shago, wannan babu fashi, don kaju ya kusa. Sauran yammaci nasa ne. Ya ce, "To, Baba." Har ya kai bakin ƙofa ya juyo ya ce harawa ta yi tsada a barga, ko in na je ƙauye sayen wake zan riƙa tambaya masa. Na ce dami nawa. Ya ce 40, in da hali. Na ce ya kawo kuɗin mota, ni ba na dakon banza.