Godiya Tun Kafin Mota Ta Tashi

Daga ƙarshen damina zuwa farkon sabuwar shekara, da wuya a yi Lahadi biyu a jere a majami'unmu ba a kira wani gaba don a yi masa addu'ar tafiya ba. Wani ɗalibi ne da ya sami shiga jami'a, wata amarya ce za a kai ta gidan miji a wani gari, wani ma'aikacin gwamnati ne aka yi wa canjin wurin aiki, wani kuma ɗan bautar ƙasa ne da aka tura jihar da bai taɓa jin harshenta ba. Sau da yawa a wannan lokaci ne kuma takardun canjin aiki suke isowa ga fastoci, katikis da masu bishara.

Mu da muke bi da irin waɗannan addu'o'i mun lura da abu guda. Idan mutum ya dawo lafiya, yakan zo da baikon godiya, kaji ko buhun masara, zumuntar mata su raka shi da waƙa har gaba. Amma ranar tafiya addu'armu roƙo ce zalla: Ubangiji ya tsare shi daga hatsari, daga 'yan fashi, daga masu garkuwa da mutane. Roƙon nan daidai ne, don duk wanda ya san hanyoyinmu ya san dalilinsa. Sai dai, 'yan'uwa, ina godiyar? Ashe sai mun ga ƙarshen tafiya ne za mu yarda cewa Allah ya yi mana alheri?

Abin da Manzo Bulus ya yi

Littafin Ayyukan Manzanni sura 20 ya ba mu labarin ban kwanan Bulus da dattawan ikkilisiyar Afisa. Yana kan hanyarsa ta zuwa Urushalima sai ya tsaya a Militus, ya aika aka kira su. Ya tuna musu da shekara 3 da ya yi yana yi musu gargaɗi dare da rana. Ya shaida a gabansu cewa bai yi kwaɗayin kuɗi ko tufafin kowa ba, da hannunsa ya ciyar da kansa da abokan aikinsa. Ya kuma gaya musu a fili cewa ba za su ƙara ganin fuskarsa ba. Suka durƙusa tare suka yi addu'a, suka yi kuka sosai, sa'an nan suka raka shi har bakin jirgin ruwa. Ba wanda ya hana su kuka, amma ba wanda ya riƙe rigar Bulus ya ce ba zai tafi ba.

A sura 27 kuwa muna ganinsa ɗaurarre a cikin jirgi, za a kai shi Roma. Guguwa ta yi ta jifa da su har kwana 14, mutanen ciki ko abinci sun kasa ci. Su 276 ne a jirgin. A tsakiyar wannan hali Bulus ya ɗauki gurasa, ya yi godiya ga Allah a gaban kowa, ya gutsura ya fara ci, sauran ma suka sami ƙarfin hali suka ci. Mu lura da lokacin da ya yi godiyar. Gari bai gama wayewa ba, jirgin bai kai gaci ba, daga baya ma farfashewa ya yi, ko da yake dukansu sun tsira zuwa tsibirin Malita. Bulus ya gode tun ƙafarsa ba ta taka ƙasa ba, domin ya san wanda yake riƙe da tafiyar.

Ban kwanan da ya haifi ikkilisiyoyinmu

Idan muka waiwaya za mu ga cewa bishara ta iso mana ne ta hanyar rabuwa mai zafi. A ranar 4 ga Disamba, 1893, samari uku, Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da nufin kai bishara cikin ƙasar nan. Cikin 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent kuma a Bida, Bingham ya koma gida da rashin lafiya. A idon ɗan'adam tafiyar ta zama asara. Amma a 1902 aka buɗe tashar mishan a Patigi, daga wannan aiki na SIM ne kuma ECWA ta kafu a 1954.

Haka nan a ranar 17 ga Maris, 1923, Stover Kulp da Albert Helser suka yi sujada a gindin tsamiya a Garkida, inda tushen EYN yake. A 1929 kuma aka ɗauke mishan na CMS daga cikin birnin Zariya zuwa Wusasa. Barin wurin da aka saba ba ya da daɗi, amma a sabon wurin ne majami'a da makaranta da asibiti suka tsaya da ƙafafunsu. A Wusasa ne Janar Yakubu Gowon ya girma, ɗan ma'aikacin ikkilisiya wanda ya baro ƙasar Angas saboda aikin Ubangiji. Shi ne kuma, yana shugaban ƙasa, ya kafa shirin bautar ƙasa a 1973, wanda yake kawo mana baƙin matasa yana kuma ɗauke namu.

Akwai kuma tafiyar da ba a yi mata shiri ba. A watan Oktoba na 2014 'yan Boko Haram suka mamaye hedkwatar EYN da ke Kwarhi, shugabannin ikkilisiyar suka koma Jos na ɗan lokaci, jama'a da yawa suka watse ba tare da sun sami zarafin cewa kowa sai wata rana ba. Duk da haka a 2023 ikkilisiyar ta taru ta yi bikin godiya na cika shekara 100. Wanda ya rasa gida da gona ba za mu ce masa ya yi murna da asarar ba. Amma waɗannan 'yan'uwa sun nuna mana cewa hawaye da godiya suna iya zama cikin zuciya ɗaya.

Inda muke tuntuɓe

A gaskiya, inda rashin godiya ya fi cin mu shi ne wajen canjin ma'aikatan ikkilisiya. Takarda na isowa sai jama'a su rabu biyu. Wasu su fara tara sa hannu don a bar musu fastonsu, wasu kuwa su riƙa murna a ɓoye. Wani ma'aikacin yakan loda kayansa a mota alhali ikkilisiya tana riƙe da albashinsa na watanni, matarsa tana tunanin makarantar da za ta karɓi yara a tsakiyar zango, gonar da ya shuka kuma wani ne zai girbe. A ranar ban kwana a cika shi da yabo da turmin zane, amma bashin yana nan. Wanda ya zo a madadinsa kuwa yakan yi shekara guda ana auna shi da na dā: wa'azinsa, muryarsa, har girkin matarsa. Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba.

Godiya ta gaskiya tana da hannu da ƙafa. Ikkilisiyar da take gode wa Allah saboda bawansa za ta biya shi hakkinsa kafin ya tashi, ta taimaka da kuɗin mota, ta share gidan wanda zai zo, ta ajiye masa hatsi da itace. Mai tafiya kuma ya bi sawun Bulus: ya miƙa littattafan kuɗi da rajistar baftisma da ta aure a gaban dattawa, ya biya bashin da ya ci a unguwa, ya je har gida ya nemi sulhu da wanda suka saɓa. Bayan ya tafi kada ya riƙa mulkin tsohuwar ikkilisiyarsa ta wayar salula.

Iyaye, wannan ya shafe ku. Daren da ɗanku ko 'yarku za su tafi, bayan gargaɗi kan abokan banza, ku zauna ku lissafa abin da Ubangiji ya yi: ciwon da aka warke, kuɗin makarantar da ya samu a lokacin da ba a zata ba, malaman da suka yi ɗawainiya. Yaron da ya bar gida da wannan lissafi a kunnensa ba zai yi saurin cewa Allah ya manta da shi ba idan wuya ta zo. Ku karɓa masa takardar shaida daga fasto zuwa ikkilisiyar garin da za shi, don zumunta a ƙafa take. Mu kuma da muka saura, mu buɗe ido ranar Lahadi mu ga baƙon da yake zaune a bencin baya. Shi ma wata uwa ce ta raka shi tasha.

Annabi Sama'ila ya kafa dutse ya sa masa suna Ebenezer don tunawa da taimakon Ubangiji, alhali tafiyar Isra'ila ba ta ƙare ba tukuna (1 Sama'ila 7:12). Saboda haka, Lahadi mai zuwa idan aka kira mai tafiya gaba, bari mu fara da godiya saboda shekarun da aka ba mu tare da shi, sa'an nan mu roƙa masa tsari. Ubangiji ya kiyaye fitarmu da shigarmu, ya sake sada mu da alheri. Amin.