MURHUN LANTARKI BA YA ƁACI SAI YA YI GARGAƊI

A zamanin da gwamnati ke ba manyan ma'aikatanta gidaje da kayan ɗaki, murhun lantarki yana cikin abubuwan da ma'aikaci kan tarar an kafa masa a kicin. In ya ɓaci, abin da maigida zai yi bai wuce ya rubuta wa Ma'aikatar Ayyuka takarda ba, sa'an nan ya jira a aiko da mai gyara. Wannan zamani ya shuɗe. Tun daga shekarar 2003 da Gwamnatin Tarayya ta fara mai da irin waɗannan alfarma kuɗi a cikin albashi, ta kuma shiga sayar da gidajenta, gyaran murhu ya koma wuyan mai shi. Ɗalibai kuwa da ma ba wanda ya taɓa ɗauke musu wannan nauyi, ga shi kuma ƙaramin murhu mai kai ɗaya ko biyu ya zama abokin zaman da yawa daga cikinsu a ɗakunan haya.

Abin lura shi ne, murhun lantarki ba ya lalacewa rana tsaka. Kafin ya mutu, ko ya ta da gobara, sai ya nuna alamu. Wanda ya san alamun nan, ya kuma san inda hannunsa ya kamata ya tsaya, ya tsira da kuɗinsa, wani lokaci ma da ransa da na iyalinsa.

Yadda yake aiki

A cikin kowane kai na murhu akwai wata siririyar waya da aka naɗe, wadda ke yin zafi idan wuta ta bi ta cikinta. Ana yin ta da haɗin ƙarfe biyu, nikel da kuromiyam. Wani Ba'amurke mai suna Albert Marsh ne ya yi rajistar wannan haɗi a 1906, kuma har yanzu shi ake amfani da shi, domin yakan yi ja wur bai narke ba. Ana binne wayar a cikin wani farin gari wanda ke barin zafi ya wuce amma ya tare wuta, sa'an nan a rufe da bututu ko faifan ƙarfe. Wannan haɗaɗɗen abu shi masu gyara ke kira elemen. Akwai irinsa a cikin obin, watau ɗakin gashi na ƙasa, ɗaya a sama ɗaya a gindi, tare da wata na'ura da ke yanke wuta in zafi ya kai yadda aka saita, ta mayar in ya sauka.

Wutar da ake rabawa gidaje a Nijeriya bolt 230 ce a ƙa'ida. Kai ɗaya na murhu yakan ci wat 1,000 zuwa 2,000, obin kuwa wajen wat 2,000 ko fiye. Saboda haka babban murhu mai kai huɗu da obin, in an kunna shi gaba ɗaya, yana iya jan wat 7,000 ko sama da haka. To, filogin nan mai ƙafa uku da aka saba da shi amfiya 13 ne iyakarsa, watau wajen wat 3,000. Wannan ne dalilin da ya sa babban murhu ke da nasa layi daga akwatin fis, da waya mai kauri, galibi mai milimita 6, da fis ko bireka na amfiya 30 ko 32, da kuma babban makunni nasa a bango. Duk wanda ya jona irin wannan murhu a soket ɗin rediyo, ko a kan wayar ƙari da aka ja daga falo, ya ajiye gobara a gida yana jiran ranarta.

Idan ya ƙi kamawa

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauko sukurdireba a faɗa wa murhu da kwancewa tun ba a san inda cutar take ba. Bincike daga nesa ake faro shi, a matso a hankali.

In murhun duka ne ya mutu, ba kai ko ɗaya da ke zafi, ƙaramar fitilarsa ma ba ta kama ba, to da wuya laifin ya zama na elemen, don ba sa mutuwa a tare. Sai a duba ko akwai wuta a sauran ɗakuna. Gidan da aka ja wa layi uku yakan rasa ɗaya, fitilun falo na ci amma kicin duhu. Daga nan sai a duba mita, in mai kati ce, ko kuɗinta ya ƙare. Sa'an nan akwatin fis, sa'an nan babban makunnin bango. Wasu murhunan masu agogo kuma obin ɗinsu ba ya kamawa bayan an ɗauke wuta sai an sake saita agogon. Mutane da yawa sun biya kuɗin gyara a kan abin da danna maɓalli biyu zai warware.

In kuwa kai ɗaya ne ya mutu sauran na aiki, to cutar tana ɗaya daga wurare uku: elemen ya yanke, ko makunnin wannan kai ya ƙone, ko wayar da ta haɗa su ta saki. Mai gyara na ƙwarai ba ya cewa a sayo sabo sai ya auna da mitarsa ta hannu, bayan ya kashe wuta. Elemen mai wat 1,500 in lafiyarsa lau zai nuna om 35 ko kusa da haka, mai wat 2,000 kuwa wajen om 26. Idan mitar ba ta nuna komai ba, wayar ciki ta yanke, kuma ba a ɗinke ta, sai canji. Maigida yana da ikon ya ce a auna a gabansa.

Akwai kuma kan da ke zafi a lamba ɗaya ya ƙi a wata. Faifan ƙarfe mai lambobi shida yawanci wayoyi uku ne a cikinsa, makunni ke haɗa su iri-iri don a sami zafi kaɗan ko mai yawa. In ɗaya ta yanke sai wasu lambobin su mutu, wasu su rage ƙarfi. Amma kan da ya ƙi raguwa, ko an murɗa shi zuwa lamba ta ɗaya yana nan ja wur, makunninsa ne ya manne daga ciki. Wannan ba a kwana da shi, sai a kashe daga bango har a canja.

Ba kullum laifin murhu ba ne

Sau da yawa uwargida takan yi kukan cewa murhu ya tsufa, ruwan da ke tafasa nan da nan yanzu sai an gaji da jira. Kafin a zargi murhu sai a dubi fanka da fitila. Zafin elemen yana faɗuwa fiye da yadda ƙarfin wuta ke faɗuwa. Idan wuta ta sauko daga bolt 230 zuwa 180, kamar yadda kan faru da magariba a unguwar da taransifoma ta yi wa kaɗan, kai mai wat 1,500 ba zai ba da abin da ya wuce wat 920 ba, watau kashi shida cikin goma na ƙarfinsa. Babu mai gyaran da zai iya magance wannan a cikin kicin. Haka nan ƙaramin janareta mai ƙasa da wat 1,000 ba zai ɗauki ko da kai ɗaya ba.

Tukunya ma tana da nata laifi. Tukunyar tuwo mai kumburarren gindi an ƙera ta ne don murhun duwatsu uku, inda harshen wuta ke lasar ta ta ko'ina. A kan faifan lantarki kuwa ɗan tsakiyarta kaɗai ke taɓawa, sauran zafin ya tafi a banza, faifan ya yi ta gasa kansa har ya lanƙwashe ko ya tsage. Tukunyar da ta dace ita ce mai shimfiɗaɗɗen gindi, daidai faɗin kan, da murfi. Sabon murhun nan mai fuskar gilashi da ke aiki da maganaɗisu kuwa ba ya ma san da zaman tukunyar alminiyam ba. Gwajinsa mai sauƙi ne: tukunyar da maganaɗisu ya kama gindinta ita ce tasa.

Wannan batu ya shafi aljihu. A watan Afrilu na 2024 Hukumar Kula da Harkar Lantarki ta Ƙasa ta ɗaga kuɗin wuta ga masu rukunin A, watau waɗanda aka yi wa alkawarin awa ashirin a rana, zuwa naira 225 kowane yunit. A bisa wannan farashi, kai mai wat 1,500 da ya yi awa biyu a kunne ya ci yunit uku, naira 675 ke nan. Jiƙa wake tun da dare, da rufe tukunya, da kashe faifai 'yan mintoci kafin abinci ya ƙarasa don sauran zafin ya nunar da shi, duk ragi ne da ake gani a ƙarshen wata.

Alamun da ba a wasa da su

Na farko, murhu ya riƙa jan mutum in ya taɓa jikinsa ko tukunya, musamman ba takalmi a kan jiƙaƙƙen siminti. Wasu sukan ɗauke shi abin dariya, su sa silifa su ci gaba da girki. Ma'anarsa ita ce wuta na zuba a jikin ƙarfen murhu, kuma wayar ƙasa, mai launin kore ko kore da rawaya, wadda aikinta ne ta kwashe wannan wuta ta kai ta ƙasa, ta yanke ko kuwa ba a taɓa sa ta ba. Wutar da ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ɗaya ba tana iya tsayar da zuciyar babban mutum.

Na biyu, warin roba mai ƙuna, ko makunnin bango ya yi zafi, ko ya canja launi, ko a ji yana ƙara tsit-tsit. Yawanci noti ne ya saki inda waya ta shiga, kuma wurin da ya saki shi ke yin zafi har ya kama.

Na uku, fis ya yi ta ƙonewa ko bireka ta yi ta faɗuwa. Fis mai gadi ne, an yi shi ne ya mutu don gida ya rayu. Wanda ya gaji da sayen fis ya naɗa waya mai kauri ko ƙusa a gurbinsa, ya kori mai gadi ne don ya hana shi barci, ɓarawo kuwa yana nan. Akwai dai wani dalili mara tsanani: farin garin nan na cikin elemen yana shan danshi, saboda haka murhun da ya daɗe a ajiye da damina yana iya faɗar da bireka ran da aka fara kunna shi. Ko wannan ma mai gyara ne zai tabbatar.

Duk ɗaya daga cikin ukun nan ya bayyana, aikin maigida ya ƙare a kan kashe babban makunni. Sauran na gwani ne. Hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke ba masu aikin wayarin gidaje takardar shaida, kuma ba laifi ba ne a nemi ganinta. Arha dai ba ta ado.

Tsabta da kiyayewa

Abin da ya fi kashe murhu shi ne miya da ruwan shinkafa da ke tafasowa su gangara ƙarƙashin kai. Gishirin ciki yana cin ƙarfe, maiƙo kuma yana kiran ɓeraye da kyankyasai, waɗanda ke shiga bayan murhu don ɗumi su gwigwiyi rigar waya. A kashe daga bango, a bari ya huce, a goge da tsumma mai ɗan danshi da sabulu. Ba a kwarara masa ruwa kamar ana wankin tukunya. Faifan ƙarfe in an goge shi sai a kunna na ɗan lokaci ya bushe, sa'an nan a shafa masa ɗigon mai don kada ya yi tsatsa. Kada a bar kai a kunne ba tukunya, kada kuma a mai da shi abin jin ɗumi da hunturu ko wurin shanya. Ƙofar obin tana da roba a gefenta: a maƙale takarda a rufe, in ta zare ba wuya robar ta mutu, zafi na gudu, shi ya sa gashi ke nuna gefe guda. Murhu mai fuskar gilashi kuwa in ya tsage an daina amfani da shi ke nan sai an canja gilashin.

In mai ya kama wuta a kasko, ba a zuba ruwa, domin ruwa zai watsa wutar ne har rufin ɗaki. A kashe makunni, a rufe kaskon da murfin ƙarfe, a bar shi a wurin. In kuma wuta ta riƙe mutum, kada a kama shi da hannu, a kashe babban makunni, in ya yi nisa a ture shi da busasshen ice.

Amma haɗarin da ya fi kowanne a ƙasar nan ba a cikin murhu yake ba, a cikin ɗabi'a yake. Ana cikin girki sai a ɗauke wuta. Uwargida ta sauke tukunya ta koma kan gawayi, ko ɗalibi ya kulle ɗaki ya tafi aji, an manta makunni yana kan lamba shida. Murhun gas ko risho in yana ci ana ganin harshensa, na lantarki kuwa in babu wuta, kunnanne da kasasshe duk kamarsu ɗaya. Can tsakar dare a maido da wuta, faifai ya yi ja, ga tsumma ko robar mai a kusa, ga iskar hunturu, mutanen gida kuwa suna barci. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa makarantu da yawa suka hana ajiye irin wannan murhu a ɗakunan kwanan ɗalibai.

Maganin abin ba ya cin ko kwabo. Da zarar an ɗauke wuta, kafin a nemi tocila ko ashana, a fara miƙa hannu ga makunnin murhu na bango a kashe. A koya wa yara da masu aiki, a kuma sa wani ya riƙa dubawa kowane dare kafin a rufe ƙofa.