Uku da Ɗigo Biyu

 

Duk wanda ya tura yaro Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Jami'ar Jihar Sakkwato ya san wannan hira. Yaro ya zo hutu, a tambaye shi sakamako, ya ce, "Baba, uku da ɗigo biyu gare ni." Uba ya gyaɗa kai ya ce madalla, alhali bai sani ba ko riba aka ci ko uwar kuɗi ce ta karye. Wannan lamba ita ake kira GPA, in ta zango ɗaya ce. In an tara ta duk zangunan da aka yi, sai a ce CGPA.

Lissafin bai gagari mai sayar da albasa ba. Wanda ya ci maki 70 zuwa sama ya sami A, farashinta 5. Daga 60 B ce, 4. Daga 50 C, 3. Daga 45 D, 2. Daga 40 E, 1. Ƙasa da 40 kuwa F ce, ko sisi. Sannan kowane kwas da nauyinsa, wanda ake kira yunit. Ku ɗauki harafin nan a matsayin farashi, yunit kuma yawan buhuna. Sai a buga farashi da buhuna, a tara kuɗin, a raba da jimlar buhunan.

Mu ƙaddara wani ɗanmu ya ɗauki kwas huɗu. Kimiyyar sinadarai, yunit 3, ya ci A, 15 ke nan. Lissafi, yunit 3, ya sami C, 9. Turanci, yunit 2, B, 8. Aikin ɗakin gwaji, yunit 1, A, 5. An tara 37, a raba da yunit 9, ya tashi da 4.11. To, da a ce aikin ɗakin gwajin ya faɗi, 3.56 zai samu, ya ɗan ji jiki. Amma da lissafi ya faɗi, sai ya zube zuwa 3.11. Faɗuwa ɗaya ce, buhunan ne ba ɗaya ba. Kuma a yawancin jami'o'inmu, ko ya sake kwas ɗin ya ci, wancan sifilin yana nan cikin lissafi, kamar ruɓaɓɓen buhun da ka riga ka biya wa kuɗin mota.

Digiri mai daraja ta ɗaya daga 4.50 yake farawa. Mai daraja ta biyu babba, wanda ɗalibai ke ce wa tu-wan, daga 3.50. Ƙaraminsa daga 2.40. 'Yan Kwalejin Umaru Ali Shinkafi kada ku ɗauki wannan, naku ma'aunin a 4 ya tsaya.

Inda nake ganin ake yin sake shi ne aji ɗaya. Yaro ya baro gida, ga neman masauki, ga layin rajista, ga baƙunta, sai ya ce zai gyara a gaba. Bari mu auna gyaran. Ya gama shekara biyu da 2.80 a yunit 80, saura masa 80. In tu-wan yake so, dole ya riƙe 4.20 a duk abin da ya rage. Da wuya, amma ana yi. In kuwa daraja ta ɗaya yake hange, 6.20 yake buƙata, ma'aunin kuma a 5 ya ƙare.

Saboda haka Alhaji, in yaro ya sake cewa uku da ɗigo biyu, ce masa ya ɗauko takardar rajistarsa. Ku duba yunit nawa ya yi, nawa suka rage, wane kwas ne mai uku a zango mai zuwa.