Matbol: Abin da Ya Kamata Ku Sani Game da Ƙwallon Katifa na Makarantun Amurka

A makarantun firamare da na sakandare na Amurka, idan hunturu ya kankama, dusar ƙanƙara ta rufe fili, darasin motsa jiki yakan koma cikin zaure. Cikin wasannin da malamai kan ɗauko wa yara a irin wannan lokaci akwai matbol. Ana shimfiɗa manyan katifu huɗu a ƙasa, a raba aji gida biyu. Ɓangare ɗaya yana bugun ƙwallo da ƙafa yana gudu daga wannan katifa zuwa waccan, ɗayan kuma yana bazuwa cikin zauren don ya hana shi kaiwa gida.

Matbol reshe ne na wani wasa da ake kira kikbol, shi kuma kikbol daga besbol aka ciro shi. Ana danganta farkon kikbol da Nicholas Seuss, mai kula da filayen wasan yara a birnin Cincinnati na jihar Ohio, wajen shekarar 1917. Dabarar mai sauƙi ce: yaro ƙarami ba ya iya saita sanda ya doki ƙanƙanuwar ƙwallo mai tauri da aka jefo masa, amma yana iya sa ƙafa ya bugi babbar ƙwallon roba da aka gangaro masa a ƙasa. Daga nan wasan ya bazu. Yara suna yin sa a Kanada da Koriya ta Kudu da Japan, a Benezuwela mata ne suka fi rungumarsa, a Amurka kuwa har manya sun kafa ƙungiyarsa a birnin Washington a 1998.

A kikbol na asali masaukai huɗu ne: na ɗaya, na biyu, na uku, sai gida. Mai bugu yana tsaye a gida, a gangaro masa ƙwallo, ya buga, ya sheƙa zuwa masauki na ɗaya. Kowane masauki mutum ɗaya tak yake ɗauka, don haka da zarar na bayanka ya taho, dole ka tashi ko ka shirya ko ba ka shirya ba. Wanda ya kewaye duka ya dawo gida ya ci maki ɗaya. Idan aka fitar da mutum uku, ɓangarorin biyu su yi musanya.

A aji mai yara talatin wannan tsari yana da babbar matsala. Yaro ɗaya ne ke bugu, uku a kan masaukai idan an yi sa'a, sauran suna jingine da bango suna jiran layi. Masu tsaron ma yawancinsu ƙwallo ba ta zuwa inda suke. Ana iya fitar da mutum uku na farko a jere, a yi musanya, yaron da ke ƙarshen layi ya koma aji bai taɓa ƙwallo ba. Kuma yaron da bai iya ba, idon kowa yana kansa a daidai lokacin da ya kuskure. Shi ya sa a 1992 wani malamin jami'a a jihar Connecticut, Neil Williams, ya sa kikbol cikin jerin wasannin da ya ga bai kamata a riƙa yi a darasin motsa jiki ba. Ina ganin yana da gaskiya. Hukumar Lafiya ta Duniya tana so yara 'yan shekara 5 zuwa 17 su samu aƙalla minti 60 a rana suna motsa jiki sosai, tsayuwa a layi kuwa ba ta cikin lissafi.

Matbol ya zo da gyara guda ɗaya wanda ya canza komai: katifa tana ɗaukar ko mutum nawa ne. Yara biyar, takwas, goma, duk suna iya taruwa a kan katifa ɗaya, kamar yadda yara ke taruwa a wurin sha a wasan guje-guje, inda ba mai ikon taɓa ka. Tunda akwai wuri, ba wanda ake tilasta wa tashi. Mai bugu ne kawai dole ya gudu zuwa katifa ta ɗaya. Sauran kowa ya duba da idonsa: ƙwallo ta yi nisa? Wanda ya ɗauke ta ya iya jifa? In ya ga hanya ya ruga, in bai gani ba ya dakata har bugu na gaba. An kuma yarda na baya ya wuce na gaba, abin da haramun ne a besbol. Yarinyar da ke tsoron gudu ita kaɗai sai ta jira a tashi a ayari, ta shige tsakiyarsu. Mai ƙarfin hali ya fita shi kaɗai ya janye hankalin masu tsaro, 'yan'uwansa su samu su tsallake. Nan daɗin wasan yake, kuma nan yara ke koyon shawara da juna ba tare da malami ya ce uffan ba.

Akwai sharaɗin da makarantu da yawa ke ɗorawa a kan wannan 'yanci: da ka sauke ƙafa daga katifa, babu komawa, sai gaba. Ba don haka ba, da yara sun yi ta leƙe suna komawa, wasan ya yi sanyi.

Hanyoyin fitar da ɗan wasa ba su da yawa. Idan mai tsaro ya cafe ƙwallo a sama kafin ta taɓa ƙasa, mai bugu ya fita. Idan aka taɓa mai gudu da ƙwallo, ko aka jefe shi da ita alhali yana tsakanin katifu biyu, ya fita. Jifan daga kafaɗa zuwa ƙasa ne kawai. Wanda aka sama a kai bai fita ba, ya wuce katifar da ya nufa lafiya. A wurare da dama kuma, idan ƙwallo ta riga mai bugu isa hannun mai tsaron katifa ta ɗaya, ya fita. Sai dokar rufi, wadda zaure ya haifar: a yawancin makarantu duk wanda ya buga ƙwallo ta taɓa rufi ko fitilu ya fita nan take, don yara su koyi bugun ƙasa-ƙasa, a kuma tsira da fitilun.

Wajen ƙirga maki ne aka fi samun saɓani, don matbol ba shi da hukumar da ta rubuta masa doka guda. Kowace makaranta da nata. Wasu suna bin tsarin kikbol: ka taka katifu uku ka dawo gida, maki ɗaya, ka koma layi. Wasu sun ce zaure ƙarami ne, kewaye ɗaya ya yi arha, sai an kewaya sau biyu kafin a ba da maki, kuma a kewayen farko gida ma masauki ne da za a iya hutawa a kai. Wasu kuma sun bar mai gudu ya yi ta kewayawa, duk sanda ya taka gida a rubuta masa maki, har sai an fitar da shi. Ɗauki misali: yara shida suna kan katifa ta uku, aka buga ƙwallo ta tafi lungu, duka shidan suka tashi, aka jefi ɗaya, biyar suka isa. A tsarin farko maki biyar ke nan a bugu ɗaya. A tsari na biyu, sai waɗanda wannan ne kewayensu na biyu za a ƙirga. Saboda haka a matbol maki yakan yi yawa, kuma ɓangaren da aka bari a baya yana iya farkewa cikin bugu biyu ko uku. Hakan yana hana yara karaya.

Malamai kan ƙara ɗan armashi. Tunda yawanci a filin ƙwallon kwando ake yin wasan, akan ce wanda ya buga ƙwallo ta doki allon kwandon da ke can ƙarshe, ko wani wuri da aka yi wa alama a bango, shi da duk waɗanda ke kan katifu su wuce gida kyauta. Ƙwallon da ta doki bango aka cafe ta fa? Wasu sun ce fita ce, wasu sun ce wasa ya ci gaba. Duk wanda aka zaɓa daidai ne, muddin an faɗa wa yara kafin a fara. Yawancin gardamar da ke ɓata wannan wasa daga dokar da ba a bayyana ba take tasowa.

Saura batun yaushe ake musanya. Akwai masu riƙe da dokar mutum uku, akwai masu cewa sai kowa a layi ya buga sau ɗaya, akwai masu sa agogo, kowane ɓangare ya samu 'yan mintoci daidai da na ɗayan. A ganina dokar mutum uku ita ce mafi rauni a aji, domin tana dawo da ciwon da aka gudo daga gare shi. A bar kowa ya buga. Wanda aka fitar ya koma layi, ba gefe ba.

Jifan ma yana da masu suka, kuma sukar tana da tushe. Yaro mai ƙarfi yana iya mai da shi hanyar huce haushi a kan ƙarami. Shi ya sa a zaure ake amfani da ƙwallon soso mai laushi, ba jar ƙwallon roba ta fili ba. Ga ƙananan aji, wasu malamai suna soke jifan gaba ɗaya: ko dai a taɓa mai gudu da ƙwallo tana hannu, ko a mayar da ita ga mai gangarowa, duk wanda ba ya kan katifa a lokacin ya fita. Wannan yana sa masu tsaro miƙa wa juna ƙwallo, abin da ya fi jifan mutum amfani. A kuma tabbatar katifun ba sa zamewa, a nisanta su da bango, don yaro mai gudu yana bukatar wurin taka birki.

Malamin da ba shi da zaure ko katifu bai rasa komai ba. A filin makaranta ana iya zana manyan murabba'ai huɗu a ƙasa, kowanne ya ɗauki yara goma, a samo ƙwallo mai laushi ko a rage wa ta roba iska. Kafin bugun farko a tsayar da abu uku a gaban kowa: kewaye nawa ne maki, me ke fitar da mutum, yaushe ake musanya. Malam, idan ajinka ya yi yawa har yara suna kallo maimakon gudu, gwada wannan wasa a darasi na gaba, kuma ka fara layin bugu da yaran da aka saba bari a ƙarshe.