Kurɓin Farko: Daga Ɗacin Giya Zuwa Zaƙin Kodin a Kudancin Jigawa

Kusan duk wanda ya taɓa kai giya bakinsa yana saurayi, in ya yarda ya ba ka labari, abu guda zai fara faɗa: ba daɗi. Ɗaci ne ya daki harshensa, ya yamutsa fuska, abokai suka tuntsire da dariya, shi kuma ya sake kurɓa don kada a kira shi bagidaje. A Birnin Kudu da Gwaram ba a ba da irin wannan labari a bainar jama'a. Sai dai a ji shi a bakin wanda ya je ci-rani Legas ko Fatakwal ya dawo ya tuba, ko yaron mota da ya saba kwana a tasha.

Ɗacin nan yana da asali. Masu yin giyar kwalba suna zuba mata furen wani tsiro mai suna hops, wanda aka fi nomawa a Jamus da Amurka, kuma shi ke ba ta wannan ɗanɗano. Burkutu, da Maguzawa suka daɗe suna dafawa da tsiron dawa, ita tsami ne da ita. Harshen yaro kuwa an halicce shi da ƙin ɗaci fiye da na babba, domin yawancin tsirrai masu guba ɗaci gare su. Duk uwar da ta taɓa ɗura wa jariri maganin zazzaɓi ta san haka. Ke nan jiki da kansa yake cewa a'a tun a kurɓin farko. Abin da ke kai yaro ga na biyu da na uku ba ya cikin kwalba, yana majalisa. Zama da maɗaukin kanwa, in ji Hausawa, shi ke kawo farin kai.

Tun shekarar 2000, zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, Jigawa ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci, sayar da giya ya zama laifi, kuma Hisba na kama ta lokaci-lokaci ta fasa. Ba za a ce dokar ba ta yi aiki ba. Yaron da ya tashi a Sara ko Basirka zai iya girma bai taɓa ganin mashaya da allo a ƙofarta ba. Amma Birnin Kudu gari ne na kan hanya, motocin Kano da Bauchi ba sa yankewa, Gwaram kuma tana bakin iyaka. Abin da aka hana a shago yakan shigo a aljihu.

A nan ne lamarin ya sauya kama, kuma a ganina nan ne iyaye suka fi yin sake. Kurɓin farko na yaron yau ba lalle ya zo da ɗaci ba. Maganin tari mai kodin zaƙi ne da shi, ana juye shi cikin kwalbar lemo a sha a gaban kowa, ba wari, ba tangaɗi nan take. Shi ya sa ya shiga har ɗakunan 'yan mata da matan aure, inda giya ba ta taɓa samun ƙofa ba. A 2017 Majalisar Dattawa ta ce ana shan kwalba sama da miliyan 3 a kullum a jihohin Kano da Jigawa. Ko da an yi ƙari a lissafin, wanda ya ga tarin kwalabe a bayan makarantu a waɗancan shekarun ba zai yi musu da yawa ba. Bayan binciken da BBC ta fitar kan kodin a 2018, gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da irin wannan magani a watan Mayun shekarar. Farashi ya tashi, wasu suka koma tiramol, wanda 'yan ƙwadago ke haɗiya don su jure noma da dako. Abin da hukuma ta amince da shi miligiram 50 ne ko 100, amma na bayan fage yakan kai 225, kuma yana iya jefa mutum farfaɗiya.

Giyar ma ta koyi dabara. Ta leda, wadda ake sayarwa da kuɗin alewa, ta ninka ta kwalba ƙarfi sau da yawa, domin ta kwalba ba ta cika wuce kashi 5 cikin 100 na sinadarin maye ba. Hukumar NAFDAC ta sanar da hana ta a farkon 2024 saboda yadda take faɗawa hannun yara, kamfanoni kuma suka yi ta jan ƙafa.

Me ya sa shekarun da aka fara suke da muhimmanci haka? Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, kuma sashen da ke bayan goshi, mai auna sakamako da taka wa mutum birki, shi ne na ƙarshen nuna. Sashen da ke jin daɗi da son yabon abokai kuwa tuni ya kankama tun farkon balaga. Kayan maye na sa ƙwaƙwalwa ta saki wani sinadari mai suna dofamin, wanda ke koya mata cewa a maimaita. Ƙwaƙwalwar ɗan shekara 14 ta fi ta babba saurin ɗaukar wannan darasi, ta kuma fi wuyar mantawa. Wani babban bincike da aka buga a Amurka a 1997 ya gano cewa waɗanda suka fara shan giya kafin shekara 15 sun ninka waɗanda suka kai 20 da wani abu kafin su fara kusan sau huɗu wajen zama bayinta.

Sai kuma hanta, wadda ita ke tace giya, ita ce kuma ke mayar da kodin ya zama mofin. A yankin da ciwon hanta nau'in B ya yi yawa, mutane da dama na ɗauke da shi ba su sani ba, ƙara mata giya gaggauta lalacewarta ne. Haɗa giya da kodin ya fi muni: dukansu suna rage numfashi, mutum kan kwanta barci ya zarce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a 2019 kaɗai.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ake yi bayan an gano yaro ya fara shaye-shaye. Gida yakan zaɓi ɗaya cikin biyu: a rufe magana don gudun abin kunya, ko a kai yaro gidan mari. Abin da 'yan sanda suka bankaɗo a Rigasa ta Kaduna da Daura a 2019, na yara da manya ɗaure da sarƙa, ya isa ya nuna cewa mari ba ya cire maye daga jini. Jarabar ƙwaya ciwo ce da likita ke dubawa, tare da nasihar malami da sa idon iyaye. Akwai asibitin masu taɓin hankali a Kazaure, amma daga Gwaram tafiya ce mai nisa, don haka ya dace gwamnatin jiha ta kawo irin wannan kulawa kudanci. Kafin nan, uban da ya ga ɗansa ya fara yawan barci da rana, magana na jan baki, kuɗi na ɓacewa a gida, ya daina jiran jin warin giya. Ya zaunar da shi ya tambaye shi, sannan ya kama hannunsa zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu ko asibiti mafi kusa.